Giɓin kasafin jihohi: a toshe ɓula kafin a ƙara wa ɗan kasuwa kaya

Duk ƙarshen shekara gwamnonin jihohin Najeriya sukan je gaban majalisun dokokinsu su gabatar da kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Sau da yawa abin da za a kashe yakan fi abin da ake sa ran zai shigo, wannan tazara ita ake kira giɓi. Wani zai ce ina ruwan mai wake a Maraɗi ko mai shanu a Birnin Ƙonni da lissafin gwamnatin Katsina ko ta Sakkwato? Akwai ruwansa ƙwarai. Idan hukuma ta tashi neman kuɗi da gaggawa, hannunta yakan fara sauka inda kuɗi suke a fili, wato kasuwa da tasha da hanya. Kasuwannin Jibiya, Illela, Mai'aduwa da Maigatari kuwa da mu ake cin su. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Asalin matsalar sananne ne. Mafi yawan jihohin Arewa sun dogara da kason da ake raba masu a Abuja kowane wata, kuma kuɗin man fetur su ne ƙashin bayan wannan kaso. A tsakiyar shekarar 2014 gangar ɗanyen mai ta haura dala 100, amma a watan Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Jihohi da dama suka yi watanni ba su biya albashi ba, har sai da gwamnatin Muhammadu Buhari ta ba su rancen ceto a 2015. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kason jihohi ya ƙaru sosai, to amma darajar naira ta faɗi, kayan aiki suka yi tsada, mafi ƙarancin albashi kuma ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024. Kuɗi sun yi yawa a takarda, buƙata ta fi su yawa.

Hanyoyin cike giɓi guda huɗu ne: cin bashi, ƙara haraji, rage kashe kuɗi, da toshe kafofin da kuɗi suke zurarewa. Abin takaici shi ne an fi gaggawar bin biyun farko, don biyun ƙarshe suna taɓa manya.

Bashi ba haramun ba ne ga gwamnati idan za a yi aikin da zai biya kansa, kamar hanya ko madatsar ruwa. Amma ana cire biyansa ne daga kason jiha tun kafin kuɗin su baro Abuja, bashin da aka ci da dala kuma ya kumbura da faɗuwar naira. Cin bashi domin biyan albashi tura giɓin bana ne zuwa baɗi, tare da kuɗin ruwa a kansa.

Maganar haraji kuwa ƴan kasuwa sun fi mu sani. Mai motar dabbobi yana biya a kara, ya biya wurin lodi, sannan ya riƙa biya a shinge bayan shinge har ya kai Kudu. Wani kuɗin na jiha ne, wani na ƙaramar hukuma, wani na ƙungiya, wani kuma babu mai shi sai mai riƙe da sanda. Alhali tun 1998 aka yi doka a Najeriya da ta hana kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji. Wannan kuɗi ba daga aljihun fatake yake ƙarewa ba. Mai saye yakan rage shi daga farashin da zai ba makiyayi da manomi, ko ya ɗora shi a kan mai ci. Idan abin ya yi yawa sai kaya su koma ɓarauniyar hanya, hukuma ta tashi a tutar babu.

Mun ga yadda kasuwa take idan ta mutu. An rufe iyaka daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Ciniki ya ja baya, masu dako da masu abinci suka zauna, mai yankan rasit shi ma ya rasa wanda zai yanka wa. Haraji mai nauyi yana iya yin irin wannan ɓarna, sai dai shi a hankali yake yi. Manyanmu kuma ba su manta da 1979 ba, lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali saboda irin wahalar da talaka yake sha wurin karɓarsu.

Ra'ayin wannan jarida shi ne a fara da gida. A farkon 2016 gwamnatin tarayya ta tantance ma'aikata ta lambar banki ta BVN, ta cire sunayen bogi fiye da 23,000 daga takardar albashi. Kowace jiha tana iya yin haka duk shekara. A 2016 jihar Kaduna ta yi doka ta hana karɓar haraji da tsabar kuɗi hannu da hannu, ta mayar da karɓar ga hukuma guda, kuɗin shigarta suka ninka fiye da sau uku tsakanin 2015 da 2019. Sannan a rage jerin gwanon motoci, da tulin masu ba da shawara, da kuɗin tsaro da ba a bin ba'asinsu. A kuma duba manyan gidaje da filaye na birane da masu manyan kwangiloli, kafin a waiwayi mai tallar goro. Sababbin dokokin haraji na 2025 sun ɗaga rabon jihohi daga harajin VAT zuwa kashi 55 cikin ɗari daga kashi 50, don haka jihar da cinikinta ya bunƙasa ita ce za ta ci riba.

Ɗan kasuwa ba ya gudun biyan hakkin hukuma. Abin da yake nema shi ne rasit guda, farashi guda a rubuce a ƙofar kasuwa, biya sau ɗaya, sannan ya ga rijiya da rumfa da wurin lodi da tsaro. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mu ma akwai namu. Kada mu biya ko sisi ba tare da rasit ba, don kuɗin da aka miƙa a ɓoye ba ya cike giɓin kowa sai aljihun wani. Shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa na ɓangarorin iyaka biyu su haɗa baki, su rubuta duk abin da ake karɓa daga kara zuwa Kudu, su kai wa ƴan majalisa a lokacin da ake sauraron ra'ayin jama'a kan kasafi, tun kafin gwamna ya sa hannu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya sa albarka a kasuwanninmu.