Waya Tana Bukatar Aljihu

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ɗan abu wanda ba a cika kula da shi ba sa'ad da aka kai yadi wurin tela, watau aljihu. Mukan daɗe muna zaɓen launin atamfa, mu yi ta muhawara a kan wuya da hannu da aikin sirfani, amma da wuya ka ji wani ya ce wa tela, "Ina zan sa wayata?" Sai an ɗinka tufa, an sa, an fita, sa'an nan a ga ba wurin ajiya sai tafin hannu.

Wayar salula ta shigo hannun jama'ar Nijeriya a watan Agusta na 2001. A lokacin nan ta masu hali ce, layin kansa ma dubban naira ake sayensa. Wayoyin kuwa ƙanana ne masu ƙwari. Nokia 3310 da mutane da yawa suka fara riƙewa tsawonta bai kai inci biyar ba, in ta faɗi sai a ɗauka a karkaɗe ƙura a ci gaba da magana. Ta yau dabam ce. Yawancinsu tsawonsu ya zarce inci shida, faɗinsu kamar inci uku, fuskar kuwa duk gilashi ce. Waya ta yi girma, ta ƙara tsada, ta ƙara rauni, amma aljihun da teloli ke yi bai sāke ba.

Ku tuna kuma abin da ke cikinta. Tun da aka kawo lambar BVN a 2014, aka kuma fara haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, layin mutum ya zama mabuɗin asusunsa na banki. Ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023 ya koya wa har tsofaffi da masu sayar da tumatir tura kuɗi ta waya. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 a wata, kuma sau da yawa kuɗin waya mai gilashi yakan kai hakan ko ya zarce. Ashe wanda ya riƙe waya a hannu cikin taro, albashinsa na wata da mabuɗin ajiyarsa ya riƙe a fili kowa yana gani.

Mu da ke zaune a arewacin kogi mun san wuraren da ake cinkoso. Akwai Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a kan titin Ahmadu Bello, da kasuwar Talata ta Kawo, da tashar Kawo da ta Mando, da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa in jirgi ya iso. A cikin Keke Napep ma, wanda ya zauna a gefe yana latsa waya ya miƙa ta ke nan ga duk wanda ya wuce da gudu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɓarawo yakan fara da ido kafin hannu, abin da bai gani ba kuwa ba ya cika bi.

Yadda kakanninmu suka yi

Ajiye abu mai daraja a jikin tufa ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kalmar aljihu ma daga Larabci muka aro ta tun da daɗewa. Dubi babbar riga. Wannan babban aljihu na ƙirji, wanda masu ɗinkin hannu na Zariya da Kano ke ƙawata shi da aska biyu ko aska takwas, ba don ado kaɗai aka yi shi ba. A nan mai riga ke sa goro da wasiƙa da kuɗi, yana da zurfi, yana kuma gabansa inda idonsa ke kai. Fatake da 'yan koli suna da lalita, wadda ake ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin riga. Iyayenmu mata kuwa haɓar zani ce bankinsu, a ƙulle sulalla a soke a ƙugu.

A Ingila ma, shekaru ɗari biyu zuwa uku da suka wuce, rigunan mata ba su da aljihu a ɗinke. Mace takan ɗinka 'yar jaka mai igiya ta ɗaura a ƙugu ƙarƙashin siket, a bar wata 'yar tsaga a gefe inda za ta zura hannu. Da yayin tufafi masu kama jiki ya zo, sai aka koma ga jakar hannu. Har wa yau mata a can suna kukan cewa aljihun tufafinsu ƙarami ne, ko kuma na ƙarya ne, an yi bakinsa ba a yi cikinsa ba. Matanmu ma haka abin yake. Haɓar zani ta iya riƙe sule da kwabo, amma ba ta iya riƙe waya. Don haka za ka ga uwa da goyo a baya, kwano a ka, ta soke waya a bakin zani ko cikin rigar nono. Na farko yakan zame ba ta sani ba. Na biyu kuwa zufa ce ke shiga ramin caji, gishirin da ke cikinta ya lalata shi a hankali.

Awo da yadi

To, ga yadda za a yi. Da farko ku tafi wurin tela da wayar kanta, tana cikin rigarta ta roba, a auna. Kada a yi kintace. Zurfin aljihu ya ɗara tsawon waya da inci ɗaya da rabi, faɗinsa ya ɗara nata da inci ɗaya da rabi. Ga yawancin wayoyin yau wannan yakan kama zurfi inci takwas, faɗi inci huɗu da rabi. In ya gaza haka, kan waya zai leƙo waje. In ya yi yawa ainun, sai ta kwanta a gicciye tana bugun cinya, cire ta kuma ya zama aiki.

Yadin cikin aljihu shi ne inda teloli da yawa ke yin rowa. Sukan sa wannan siririn yadi mai santsi na shafi, wanda waya ke zamewa a kansa, kusurwarta kuma ta huda shi cikin 'yan watanni. Ku ce a sa yadin auduga mai kauri, ko zawwati, ko kaki, ko ragowar atamfar da aka yanka. A bi ɗinkin sau biyu, a kuma maimaita shi sosai a kusurwoyin baki guda biyu, gama daga nan yagewa ke somawa. A zagaye ƙasan aljihu kaɗan, kada a yi shi da kusurwa, domin kusurwa ita ke tara yashi. Yashi kuwa, musamman a watannin hunturu da ƙura ke sauka a Kaduna, shi ke karce gilashi fiye da kome.

Kowace tufa da nata

Ga siket da doguwar riga ta mata, aljihun gefe ya fi. Ana farke ɗinkin gefe kamar inci shida, a sa aljihun daga ciki, ba mai ganinsa daga waje. Abin lura ɗaya ne. A ɗinke saman aljihun a jikin ƙugun siket, domin ƙugu ya ɗauki nauyin waya. In ba a yi haka ba, sai tufar ta karkace gefe guda. A sa ɗan zif ko maɓalli a bakin.

Ga mai ɗaura zani, kamar iyayenmu na Zumuntar Mata da ke tafiya taro da anko, ba a ɗinka aljihu a jikin zanin, gama nauyi zai kwance shi. A ɗinka shi a jikin siket na ciki, daga gaba ta wajen dama, inda bakin zani ke rufewa. Ko kuwa a koma ga lalita, a ɗinka ta da yadi mai laushi da igiya mai faɗi. Wannan ya fi dacewa da masu sayarwa a kasuwa, waɗanda hannuwansu biyu ke cikin aiki tun safe har yamma.

Ga maza masu kaftani, aljihun gefe da aka saba yi a buɗe yake, yana kuma lilo nesa da jiki, har a zura hannu ba ka ji ba. Ku sa a yi masa zif daga ciki, ko a ƙara wani ƙaramin aljihu a gaban wando ƙarƙashin kaftanin. Aljihun baya na wando kuwa ba wurin waya ba ne sam. Ba ka ganinsa, kana kuma zama a kansa. Aljihun ƙirji na taguwa shi ma mayaudari ne, da ka sunkuya sai ta fito. Wayoyin da suka faɗa rijiya da bokitin wanki da masai ta wannan hanya ba su ƙidayuwa. Manomi da makaniki da mai gini su sa a yi wa nasu marfi da maɓalli.

Akwai wani gargaɗi na musamman. Wanda likitoci suka sa masa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, kada ya ajiye waya a aljihun ƙirji ko kaɗan. Shawarar masana ita ce waya ta yi nisan inci shida aƙalla daga na'urar, gama maganaɗisun da ke cikin wasu wayoyi yana iya rikita aikinta.

Ba sai sabuwar tufa ba. Tsofaffin ma ana iya gyara su. Teloli suna nan a kowace unguwa, daga Malali da Unguwar Rimi har Kabala da Hayin Banki, ga kuma na Kasuwar Barci a Tudun Wada, waɗanda suka saba da gyaran gwanjo. Masu yawo da keke a kafaɗa suna kaɗa almakashi ma sun iya wannan aiki a ƙofar gida. Ladan ba zai kai ko kusa da kuɗin sāke gilashin waya guda ba. Mai keken ɗinki a gida kuwa ta koya wa 'ya'yanta, maza da mata, gama aljihu shi ne darasi mai kyau na fara koyon ɗinki. Masu shirin ɗinkin Kirsimeti su faɗa wa tela tun ranar da suka kai yadi. In Disamba ya kama, ba shi da lokacin sauraron kowa.

Abin da aljihu ba ya so

Aljihun waya nata ne ita kaɗai. Kada a haɗa ta da mabuɗai ko tsabar kuɗi ko ƙusa. Kada kuma a haɗa ta da abin ajiyar caji a bar su suna aiki a cikin aljihu. Batirin waɗannan abubuwa ba ya son zafi, ga kuma zafin Maris da Afrilu a garin nan, ga ɗumin jiki, ga yadi ya rufe su ba iska. In kun ji waya ta yi zafi ƙwarai, ku fitar da ita ta sha iska. In batiri ya kumbura har bayan waya ya ɗaga, kada a sāke sa ta a jiki, a kai wa mai gyara, domin irin wannan yana iya kama wuta. Da damina ku ajiye 'yar leda a cikin aljihun saboda ruwan da kan tare mutum a hanya. Mai wanki kuma ya laluba kowane aljihu kafin ya jiƙa kaya, musamman waɗannan na ɓoye da muke magana a kansu.

Inda aljihu ya tsaya

Amma kada wani ya ɗauka aljihu mai zif ya raba shi da kowane haɗari. Yana maganin mai zare da mai fizge, da faɗuwa da mantuwa. Ba ya maganin mai wuƙa. A watan Yuni na 2025 jaridu suka ba da labarin wani hafsan sojan ruwa mai karatu a Jaji, wanda ya tsaya gyaran taya kusa da gadar Kawo, wani ya nemi wayarsa, ya daɓa masa wuƙa har ya rasu. In haka ta sami soja, ina ga ɗalibi ko uwa mai goyo? Iyaye, ku faɗa wa 'ya'yanku a fili cewa in aka tare su da makami su miƙa waya, ba za a yi musu faɗa a gida ba. Yaro da yawa yakan yi gardama da ɓarawo ne don tsoron abin da babansa zai ce. Ana sayen wata waya, ba a sayen wani rai.

Abin da zai sa miƙa ta ya zo da sauƙi shi ne shiri tun kafin ranar. Ku sa lambar sirri a waya, ku sa wata a layin kansa, domin in an cire shi an sa a wata waya ya ƙi buɗewa. Ku latsa *#06#, lambar shaidar wayar za ta fito, ku rubuta ta a littafi a gida. Ku tambayi bankinku hanyar da ake rufe asusu da gaggawa ta wayar wani, ku rubuta ita ma. Kada ku ajiye lambar sirrin banki a cikin wayar, kada kuma katin banki ya kwana aljihu ɗaya da ita. In abin ya faru, a rufe asusu tukuna, a rufe layi, sa'an nan a kai rahoto ga 'yan sanda.

Saboda haka, mai gida da uwar gida, ku zauna wata yamma cikin wannan mako ku fito da tufafin da kuka fi fita da su, na kasuwa da na aiki da na Lahadi. Ku sa waya a kowane aljihu, ku zauna, ku sunkuya, ku tashi. Wanda ya kāsa riƙe ta, a ware shi a kai wa tela. Wanda ba shi da aljihu, a yi masa. Sa'an nan ku koyi barin waya a ciki har ku isa inda za ku, gama aljihun da ba a sa kome a ciki ba bai tsare kome ba. Rigakafi ya fi magani.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.