Sabuwar wayar da ba ta cin batir: a dakata da guɗa tukuna

Duk bayan ƴan watanni sai labari ya karaɗe Facebook cewa an kusa fito da wayar da za ta yi mako ba a sa ta caji ba. Ƙarƙashin wannan kururuwa akwai bincike na gaske, kuma ya cancanci a fahimce shi.

Na'urorin yau suna aiki ne da tura ƙwayoyin lantarki, wato elektiron, daga wuri zuwa wuri, abin da ke cin wuta yana haifar da zafi. Amma kowane elektiron tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu ne da ke iya fuskantar sama ko ƙasa. Idan aka adana bayani a wannan fuskanta, yana nan ko da an ɗauke wuta. Bafaranshe Albert Fert da Bajamushe Peter Grünberg ne suka buɗe wannan fage a 1988, suka samu kyautar Nobel a 2007, kuma bincikensu ya daɗe da shiga ma'adanar kwamfuta.

Sabon abu shi ne gina irin waɗannan na'urori da kayan da kaurinsu bai wuce ƙwayar zarra ɗaya ba. A 2004, a Jami'ar Manchester ta Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare irin baƙin da ke cikin fensir da salatif har suka samu girafin. A 2007 masana a Groningen ta Holan suka nuna cewa elektiron na ratsa girafin ba tare da fuskantarsa ta rikice nan take ba, kuma a zafin ɗaki.

Sai dai girafin ba maganaɗisu ba ne. Sai a 2017 aka samu maganaɗisu mai irin wannan siranta a Jami'ar Washington ta Amurka, kuma ba ya aiki sai a sanyin digiri 228 ƙasa da sifili. Mazaunin Tahoua da ya san watan Afrilu ba ya buƙatar bayani. An samu waɗanda ke jure zafin ɗaki daga baya, amma wasu cikin dangin nan iska kaɗai ke lalata su, kuma ɓallin da aka ɓare da hannu ba masana'anta ba ne.

Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin girafin na euro miliyar ɗaya a 2013. Shekaru goma sun shige, siliki ne dai ke cikin wayar kowa. Wannan ba asara ba ce, haka bincike yake tafiya. Laifin na masu sayar da alƙawari ne.

Ɗalibin kimiyya a Maraɗi ko Grenoble ya kamata ya bi fagen nan da idon basira. Mai sayen waya kuwa, in ya ga labarin, tambaya biyu ta ishe shi: a wane zafi na'urar ta yi aiki, kuma guda nawa aka ƙera?