Tikiti A Hannu, Jirgi Babu: Haƙuri Ba Ya Biyan Bashi



Makon jiya wata gwaggona ta same ni a gida da takarda ƙulle a leda. Kakar bara ta sayar da riɗinta, ta haɗa da kuɗin adashi da ɗan abin da 'ya'yanta suka tallafa, ta biya kujerar Umara a hannun wani ejan da ya ce ya samo musu jirgi mai araha. Ranar tafiya suka bar Panda da asuba, suka bi ta Gitata da Keffi, suka sha cunkoson Mararaba, har filin jirgin Abuja. A can aka ce musu an soke tashi, wai ƙasar da za a sauka ba ta ba kamfanin izini ba tukuna. Wata huɗu ke nan, babu tafiya, babu kuɗi. Da na ce mata, “Gwaggo, mu kai ƙara,” sai ta ce, “Bari ɗan nan, Allah bai kira ni ba.”

Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kiran Allah gaskiya ne, babu mai ja. Amma kuɗin Gwaggo ba sama suka tashi ba, suna nan a asusun wani, yana juya su. Rashin tafiya ƙaddara ce, riƙe kuɗin mutane kuwa zalunci ne, kuma mu daina haɗa biyun a tukunya ɗaya.

Ya kamata mu san yadda harkar take. Jirgi ba motar haya ba ce da za ta cika a tasha ta kama hanya. Kafin ya tashi daga Abuja ko Kano zuwa Jidda ko Dubai, sai akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, sai hukumar jiragen sama ta can ta ba kamfanin izini, sannan filin jirgin ya ware masa ranar sauka da lokacinta. Ɗaya ya faɗi, tafiya ta faɗi. Tikitin da ke hannunka ba ya nuna an kammala ko guda.

Kuma irin wannan ya sha faruwa a bainar jama'a. A Disambar 2021, Air Peace ya nemi sauka sau uku a mako a Sharja, hukumomin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka ba shi sau ɗaya. Najeriya ta rama, ta rage zuwan Emirates daga sau 21 a mako zuwa sau ɗaya, Emirates kuma ya dakatar da zuwa. Gwamnatoci na ja-in-ja, fatake masu zuwa Dubai sarin kaya na zaune da tikiti a aljihu. A ƙarshen Oktoban 2022 Emirates ya sake janyewa saboda kuɗaɗensa da suka maƙale a Najeriya, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoba, 2024.

A Hajjin 2022, hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da bakinta ta nemi afuwa kan maniyyata kusan 1,550 da ba a kwashe ba har lokaci ya ƙure, kimanin 700 daga cikinsu 'yan Kano. A Nuwamban 2023 kuwa, jirgin Air Peace ya sauka a Jidda da fasinja 264 daga Legas da Kano, aka soke bizarsu a filin jirgi. An bar 87 suka shiga, aka dawo da 177. Ofishin jakadancin Saudiyya ya ce an nemi bizar da bayanan da ba su dace da su ba. To, mutumin ƙauye da bai taɓa cika takardar biza ba, shi ya zaɓi irin bizar da aka yi masa?

Na san abin da kamfanoni da ejan za su ce: laifin ba namu ba ne, ƙasar waje ce ta hana. Mun yarda ba ku ke sa hannu a izinin ba. Amma ku kuka san bai fito ba, kuka buɗe kasuwa kuka karɓi kuɗi, ba ku gaya wa kowa ba. In izini ya zo, riba taku. In bai zo ba, asara ta tsohuwa mai riɗi. Wannan caca ce da dukiyar wani. Malamanmu sun daɗe suna jan kunne a kan sayar da abin da ba ya hannunka. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. In aski ya gagara, a mayar masa da ladansa.

Doka ma tana tare da mu. Sashe na 19 na ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ya ba wanda aka soke wa tashi zaɓi: a mayar masa da kuɗinsa, ko a sama masa wani jirgin. Wanda ya biya da tsabar kuɗi a ba shi nan take, wanda ya biya ta banki cikin kwana 14. Ba wata huɗu ba. A Disambar 2024 hukumar ta ɗauki mataki a kan kamfanoni biyar, biyu na waje uku na gida, kan take haƙƙin fasinja. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, FCCPC. Sai dai hukuma ba ta jin koken da aka yi a zaure.

Don haka ga shawarata, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka biya kuɗin Umara ko Hajji sai ga kamfanin da ke da lasisin NAHCON, kuma ka ga lasisin da idonka. Ka biya ta banki, a asusun kamfani, ba na yaron ofis ba, ka karɓi rasit. Ka nemi lambar tikitinka, a duba maka ita a shafin kamfanin jirgin. Ka tambayi irin bizar da aka yi maka. In an ce sabuwar hanya ce jirgin zai fara, ka tambaya ko ya taɓa tashi ko da sau ɗaya. Jirgi mai rahusa ba laifi ba ne, Flynas na Saudiyya irinsa ne kuma yana jigilar alhazanmu. Amma in farashi ya yi ƙasa har ya ba ka mamaki, ka tuna araha ba ta ado.

Ga NCAA da NAHCON da wakilanmu a majalisa, buƙatarmu ɗaya ce: a haramta sayar da tikiti a hanyar da izininta bai fito ba, ko a tilasta rubuta hakan ɓaro-ɓaro a jikin rasit.

Duk wanda irin wannan ta same shi, ya kawo rasit da tikitinsa wurin taronmu na ƙarshen wata, mu rubuta ƙorafi guda da sunan ƙungiya. Gwaggo ta amince, takardarta ce ta farko a fayil.

Allah Ya kai mu da rai da lafiya, Ya fitar wa kowa haƙƙinsa.

Sakataren Ƙungiya,
Panda.