Mai Motar Haibirid, Ka Auna Zafinta da Wayarka Kafin Ka Bari a Kwance Ta

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da yawa suka fara sha'awar motocin haibirid, irin su Toyota Prius da Camry masu haɗa fetur da batir. Suna da sauƙin shan mai, gaskiya ne. Amma in kana zaune a Tambuwal ko Kebbe, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ga shawarata: kada ka yarda a taɓa motarka da sunan maganin zafi sai an auna.

Me ya sa? Motar haibirid wuri uku take sanyayawa. Akwai ruwan inji da lagireto kamar kowace mota. Akwai ruwan inbata, mai tankinsa daban da famfonsa na lantarki. Sai babban batir, wanda fanka ke hura wa iska ta wata kafa kusa da kujerar baya. Yawancin Prius kuma ba su da allurar zafi a gaban direba, sai dai jar fitila ta kama bayan abu ya yi nisa.

To, in an ce mota ta ɗau zafi, wanne daga cikin ukun? Bakaniken da ya saba da tsofaffin motoci zai ce a cire tamostat, a ɗura ruwa. Kada ka yarda. Kwamfutar haibirid ba ta barin inji ya huta sai ya ɗumama. In aka cire tamostat, injin zai daɗe yana aiki, man da ka sayi motar don ka tattala ya tafi. Ruwan rijiya ko na leda kuwa tsatsa yake kawowa, ya toshe hanyoyi. Ruwan Toyota mai launin hoda shi ne nata.

Ga abin yi. Sayi ƙaramar na'urar OBD2 mai Bluetooth, irin ELM327, ka soka ta a ƙarƙashin sitiyari. Sauke Car Scanner ko Dr. Prius a wayarka, ka haɗa su.

1. Duba zafin ruwan inji kana tafiya. Wajen digiri 85 zuwa 95 lafiya lau. In ya wuce 100 yana ta hawa, tsaya.
2. Karanta lambar matsala. P0A93 na nuna inbata ba ta sanyaya. Kunna motar, leƙa tankin ruwan inbata: in ruwan ba ya motsi, a duba famfon. Wannan sananniyar matsala ce a Prius ta 2004 zuwa 2009.
3. A Prius ta 2010 zuwa 2015 famfon ruwan inji ma na lantarki ne. P261B na nufin a duba shi.
4. In batir ne ke zafi, duba kafar iskar nan. Ƙurar hunturu, buhun gero ko kayan fasinja na toshe ta.

Abu biyu kada ka yi: buɗe murfin lagireto da zafinsa, da taɓa wayoyi masu ruwan lemo. Wutar cikinsu na iya kisa.

Wani zai ce waya ba ta gyara mota. Haka ne. Amma ka tuna, in fitila ta kama ka a Dogon Daji, ko kana fitowa daga Kebbe, tsakaninka da garejojin Sakkwato akwai tafiya. Lambar da ke wayarka ce za ta gaya maka ko ka lallaɓa a hankali, ko ka kashe mota ka nemi mai ja. Kana iya ɗaukar hoton allon ka tura wa masanin haibirid ta WhatsApp kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya. Famfo kuɗinsa kaɗan ne in aka kwatanta da ƙonewar gaskit ko inbata.

Wace lamba motarka ta taɓa nuna maka? Rubuto mana, mu duba tare.