Harafi ɗaya a katin magani: gyaran da asibitocin Jos za su iya yi ba tare da jiran kasafi ba

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko a Jankwano, ya ga irin rubutun da ke kan katin majinyaci: bd, tds, nocte, stat. Asalinsu Latin ne, ta hannun likitancin Ingila suka iso Najeriya, ma'anarsu kuwa sau biyu a rana, sau uku a rana, da dare, da kuma nan take. In an rubuta 5/7, kwana biyar ake nufi. Waɗannan ba su cika rikita ma'aikaciyar jinya ba.

Haɗarin yana wani wuri. Harafin U da ake sa wa ma'aunin insulin, idan hannu ya yi sauri, yakan koma kamar sifili, sai 10 ta zama 100 a jikin mai ciwon sukari. Ɗigon da ke cikin 1.0 mg yakan ɓace, a karanta 10; .5 da ba a sa mata sifili a gaba ba ta zama 5. Tsakanin µg da mg ninki dubu ne. Mafi muni a ɗakin haihuwa shi ne MS, domin tana iya nufin morphine, tana kuma iya nufin magnesium sulphate da ake yi wa mai juna biyu idan jijjiga ta kama ta.

Tun 2004 hukumar Joint Commission da ke tantance asibitocin Amurka ta haramta U, da MS, da waɗancan salon rubuta ɗigo. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kuskuren magani na lashe dala biliyan 42 a shekara.

Abin da ya sa batun ya ƙara nauyi shi ne ƙarancin hannu. A Fabrairun 2024 Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta ce ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Wadda ta rage ita kaɗai a aikin dare, ga gadaje cike, ba lallai ta sami sukunin neman likita ya fayyace mata harafi ba.

A Abuja an fi son maganar kwamfuta da sababbin gine-gine, alhali takardar umarni shafi ɗaya daga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da ke tilasta rubuta sunan magani da ma'auninsa cikakke, ba ta buƙatar kwangila. Shugabannin asibitocin Jos ma suna da ikon kafa wannan doka a ɗakunansu tun kafin umarnin ya iso.