Zancen mota: a sa wa a-kori-kura manyan tayu?



Wani mai karatu daga ƙasar Azarori ya aiko da tambaya. Su da ƴan uwanshi sun haɗa kuɗin albasa, sun sayi tsohuwar Toyota Hilux. Direba ya ce a sake mata tayu, a sa manya masu kaushin gindi. Suna tambaya: a yarda ko a ƙi?

Direban yana da gaskiyarshi. Wanda ya bi hanyar Madawa zuwa Buza da Keita ya san halin ƙasar Adar: nan dutsi, can rairayi, da damina kuma ƙoramu su cika da laka. Babbar taya tana ɗaga cikin mota, tana da faɗin taki, ba ta saurin nutsewa. In an ɗauko mai naƙuda za a kai ta likita Madawa, mota ta kafe cikin ƙorama, ba wanda zai yi zancen tsadar taya.

Amma ku koyi karanta lambar da ke jikin taya. Ga misali: 205 R16. Lamba ta farko faɗin taya ce, milimita 205. Ta ƙarshe, 16, girman ƙarfen da taya ke zama kai ne. Tilas wannan ta zo daidai. Tayar 16 ba ta zama kan ƙarfen 15, ko mai faci ya rantse.

Tayar 205 R16 tsayinta wajen santimita 73 ne. Tayar 265/75 R16 wajen santimita 80. Mutum ya ga bambancin santimita 7, ya yi murna. To, rabin wannan kaɗai mota ke ɗaguwa, watau santimita 3 da rabi, faɗin yatsu biyu. Shi ke nan abin da anka saya.

Ga kuma abin da anka biya, bayan kuɗin taya. Inji yana wahala wajen tashi da kaya, yana ƙara shan mai, kuloci yana saurin ci. Birki ba ya kamawa da wuri kamar da. Agogon gudu ma sai ya riƙa ƙarya: yana nuna 80, alhali mota na gudun kusan 88. Na taɓa shiga wata mota da anka yi wa haka. Wofi tana tafiya lafiya. Da anka ɗora buhunan albasa, mutane sunka hau bisa, sai gindinta ya zauna, taya ta riƙa gugar ƙarfen jikin mota. Ba mu yi nisa ba ta fashe. Munka kwana daji, albasa na shan rana har hantsi.

Ni a ganina, ƙarfin taya ya fi girmanta amfani a ƙasarmu. Dutsin Adar gefen taya yake yanka. Ku nemi mai alamar C ko LT, ita ce ta ɗaukar kaya. Akwai wata lamba kusa da nan: in kun ga 110, taya guda na ɗaukar kilo 1060. In dai sai an ƙara girma, a ƙara kaɗan. A loda mota, a juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a duba ko tana guga, kafin a biya.

Tayu huɗu su zama girma guda, har da ta ajiya. In mota mai jan ƙafa huɗu ce, sunka bambanta, giya ce za ta lalace.

Da yawa cikinmu tayar hannu muke saye. Ku duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan alamar DOT. In an rubuta 2319, an yi ta mako na 23 cikin shekarar 2019. Tsohuwar taya ko da gindinta bai cinye ba, gefenta ya bushe, ya tsattsage, zafin bazara kuwa ba ya raga mata.

Cikin rairayi mai zurfi, a rage iska kaɗan, taya ta baje, mota ta fita. Da an hau kwalta a mayar da iskar. Saboda haka kada famfo ya rabu da mota.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, zancen birki za mu yi.