Ɗigo Biyu da Ke Mayar da Makaho Marubuci

Duk wanda ke rubutu a kwamfuta ya saba da ɗan siririn layin nan mai ƙyaftawa, wanda ke nuna gurbin da harafi na gaba zai faɗa. Da wannan manuni yake komawa ya gyara kuskure, kuma idan zai goge jimla sai ya shafa mata launi ya zaɓe ta. Makahon da ke aiki da kwamfuta yana da bukatar waɗannan alamomi biyu, kuma hanyar da ake isar masa da su ta cancanci kulawar masu sayo wa makafi kayan karatu.

Rubutun da Louis Braille ya wallafa a Faransa a 1829 yana da ɗigo shida a kowane gida. Allon Braille na lantarki kuwa, wanda ƙananan ƙusoshinsa ke tasowa suna nutsewa ƙarƙashin yatsa, an ƙara masa ɗigo biyu a ƙasa, na 7 da na 8. Manhajojin karanta fuskar kwamfuta, irin su JAWS da NVDA, da waɗannan biyun suke nuna manuni: suna tasowa suna komawa ƙarƙashin harafin da aka tsaya a kai. Idan an zaɓi kalma, sai su tsaya cak ƙarƙashin dukan haruffanta, tamkar an ja mata layi. A saman kowane gida akwai ɗan maɓalli, wanda da an danna shi manuni zai koma can.

Tsarin yana da nasa cikas. Ɗigo biyun nan su ke ɗauke da ayyuka biyu, sannan a Braille ɗin kwamfuta ɗigo na 7 shi ke nuna babban baƙi. Sabon ɗalibi kan rikice, sai fa idan malaminsa ya san cewa NVDA ta ba da damar sauya siffar manunin da saurin motsinsa. Ashe horar da malami yana cikin kuɗin na'urar.

Za a iya cewa murya ta wadatar, tunda NVDA, wadda makafi biyu 'yan Ostareliya suka soma a 2006, kyauta ce, allon kuwa ko mai gida 20 ɗaruruwan daloli ne. Maganar tsada gaskiya ce. Amma muryar da aka gina don Turanci ba za ta raba wa ɗalibi baki da baƙi ba, ko kasa da ƙasa. Yatsa ne ke gano lanƙwasar da ta ɓace, ya kai manuni gurbin, ya gyara. Wanda aka bari da sauraro kaɗai zai fahimci wasiƙar wani, amma tasa sai ya nemi mai ido ya duba masa, ko da sirrinsa ne a ciki.

Ga yaro makaho a Gaya ko Ajingi, makarantar masu bukata ta musamman da aka fi sani ita ce ta Tudun Maliki, can cikin birnin Kano. Ba kowane uba ke iya rabuwa da ƙaramin ɗansa zuwa birni ba. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta tanadar masu haƙƙin ilimi, sai dai doka ba ta sayen na'ura.

Abin da ya kamaci ƙananan hukumomin biyu, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Gaya da Ajingi da Albasu, bai fi ƙarfinsu ba: ɗaki guda a wata sakandare, da lantarki mai aiki da hasken rana, da alluna kaɗan da za a riƙa karɓa-karɓa, da malami ɗaya da ya san aikin ɗigo na 7 da na 8. Kafin a rattaba hannu kan takardar sayen kaya, a zaunar da makaho gaban na'urar, a ba shi jimlar Hausa mai kuskure, a ga ko zai iya gyara ta shi kaɗai.